Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Editan Da Kowane Gefe Ya Zarga Da Karkata

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar 'yan Arewa a Agege ko Idi Araba, ko Sabon Badun, ko Shagamu, ko Anacha, ya san yadda hira take juyawa in wani ya shigo da jarida a hannu. Mai jin Turanci ya karanta, ya juya wa saura da Hausa, kafin ya kai ƙarshe an fara girgiza kai. Wannan ya ce in abin kunya ya faru a Arewa shafin farko ake ba shi, wancan ya ce in abin alheri ne sai a cusa shi can ciki kusa da tallar magani. Maƙwabtanmu 'yan Kudu kuwa, in sun ji abin da jaridu da gidajen rediyon Arewa suke faɗi a kansu, irin wannan kukan suke yi. To, wannan ƙorafi ya girmi mulkin kan Nijeriya. A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya fara zama a kan kujerar edita a ƙasar Hausa, ya kuma fara shan irin wannan zargi ta gaba da ta baya, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam.

ASALI DA KARATU

An haifi Abubakar Imam a Kagara cikin 1911. Garin yana cikin Jihar Neja ta yanzu. Gidansu gidan malamai ne, mahaifinsa Malam Shehu Usman masani ne na addini, saboda haka allo ya fara riƙewa kafin ya san boko. Wansa, Malam Bello Kagara, wanda daga baya ya zama Walin Katsina, yana koyarwa a Katsina, shi ne dalilin da ya sa yaron ya koma can karatu.

Cikin 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, ya gama cikin 1932. Wannan makaranta ita ce ta yaye yawancin mutanen da suka riƙe Arewa daga baya. Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gabansa da shekara guda, Abubakar Tafawa Ɓalewa yana bayansa da shekara guda. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin mutanen da zai riƙa buga labarinsu a jarida nan gaba abokan makarantarsa ne, tare suka ci tuwo, tare suka yi wasan ƙwallo. Yi wa baƙo adalci ya fi sauƙi bisa ga faɗa wa aboki gaskiya a bainar jama'a.

Da ya gama sai aka ba shi aikin koyarwa a Midil ta Katsina. Yana nan cikin 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin wani Bature mai suna Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Lokacin Imam bai wuce shekara 22 ba.

East ya ga yaron yana da baiwa, sai ya roƙa aka ba shi aronsa zuwa Zariya cikin 1936. A nan ya zauna wajen wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Kowa ya san tauraron littafin aku ne, tsuntsun da ba shi da takobi ba shi da mashi, sai baki, amma da hikimar magana ya tsare gidan sarki har ya zama waziri. Wanda ya san yadda ake gaya wa mai mulki gaskiya ta hanyar labari ba tare da an rasa kai ba, shi ya ƙago wannan aku, kuma ba da daɗewa ba shi kansa ya bukaci wannan dabara.

HAIHUWAR GASKIYA TA FI KWABO

Tun 1932 akwai wata 'yar jarida ta gwamnati, Jaridar Nijeriya Ta Arewa, wadda ake bugawa jefi-jefi da Hausa da Larabci da Turanci. Galibi labarin naɗin sarauta da rangadin Gwamna ne a cikinta, talaka bai damu da ita ba. A Kudu kuwa aikin jarida ya riga ya yi nisa. Tun 1859 aka fara Iwe Irohin da Yarabanci a Abekuta, Daily Times ta fito a Ikko cikin 1926, sannan cikin 1937 Dokta Nnamdi Azikiwe ya kafa West African Pilot, wadda ba ta raga wa Turawan mulki ko kaɗan. Jirgin ƙasa yana kawo ta Zariya da Kano da Jos, 'yan bokon Arewa suna karantawa, wasu a ɓoye.

Cikin 1938 sai ga ji-ta-ji-ta ta cika gari, wai Ingila za ta miƙa Nijeriya ga Hitila na Jamus don a zauna lafiya a Turai. Maganar ta sami shiga domin Kamaru maƙwabciyarmu a hannun Jamus take kafin Yaƙin Duniya na Farko, kuma a lokacin ana ta zancen mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata. Turawan mulki suka ga suna bukatar bakin da zai yi magana da jama'a cikin harshensu. Haka aka haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, aka ɗauko Malam Abubakar Imam daga aji aka ba shi editan Hausa. Wata-wata aka fara buga ta, ana sayarwa kwabo guda. A kuɗin da, kwabo 12 ne sule ɗaya. Sunan ya nuna cewa abin da ke ciki ya fi abin da aka biya daraja, wannan kuwa alkawari ne mai nauyi da aka ɗora wa saurayi ɗan shekara 28.

IYAYEN GIDA UKU

Tun ranar farko editan ya sami kansa da iyayen gida uku, kowa da abin da yake so. Na farko Turawan mulki, su suka kafa jaridar, su ke biyan albashi. Na biyu sarakuna da En'e-En'ensu, domin ta hannunsu da hannun makarantunsu jaridar take shiga garuruwa, in sarki ya ɗaure mata fuska a ƙasarsa kasuwarta ta mutu a nan. Na uku mai karatu, wato malamin makaranta da malamin asibiti da magatakardan hakimi da ɗan kasuwa, wanda ya ba da kwabonsa yana so ya ji abin da ke damunsa an faɗa.

Wata takwas da fara jaridar aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu. A nan babu wani ɓoye-ɓoye, Gaskiya tana bayan Ingila. Labarin yaƙi daga ofisoshin gwamnati yake zuwa, an riga an tace shi, aikin editan shi ne ya mayar da shi Hausar da za ta shiga kunne. Dubban 'yan Arewa sun shiga soja, an kai su Gabashin Afirka da ƙasar Bama, iyalansu a gida suna jiran abin da jarida za ta ce. Wanda zai auna Imam da ma'aunin adalci dole ya fara amincewa da wannan: a kan maganar yaƙi, jaridarsa gefe guda ta riƙa ji.

Inda ya sami filin motsi shi ne sha'anin cikin gida. Ya buɗe shafi ga wasiƙun masu karatu, mutane suka riƙa aiko da ra'ayinsu daga lardi-lardi, wani ya kawo magana wani ya mayar masa da martani a fitowa ta gaba. A ƙasar da aka saba in babba ya yi magana sai a ce ranka ya daɗe, wannan sabon abu ne ƙwarai. Shi kansa a sharhinsa ya yi ta bugun jahilci da cin hanci da zaman banza, yana kiran mutane su sa 'ya'yansu makaranta. Ya kuma kafa wata irin Hausa ta jarida, mai sauƙi, mai karin magana, wadda za a karanta da ƙarfi a zaure wanda bai iya karatu ba ya fahimta. Kofi guda yakan zaga hannu da yawa kafin ya yage.

Amma akwai iyaka. Zai iya cewa cin hanci ya yi yawa a ƙasa, ba zai iya kama sunan sarki ya ce ga abin da ya yi ba. Masu zafin ra'ayi suka ce wannan tsoro ne. Masu sarauta kuwa suka ga ko hakan ma ya yi yawa, don me za a bar yara 'yan makaranta suna tsoma baki cikin sha'anin manya.

TAFIYAR 1943

Cikin 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci 'yan jarida takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Ingila su je su ga yadda ake fama a can. Daga Nijeriya akwai Dokta Azikiwe, da Isaac Thomas na jaridar Akede Eko, da Malam Abubakar Imam. Tafiyar ta jirgin ruwa ce, a lokacin da jiragen yaƙin Jamus suke farautar jiragen Ingila a teku. Labarin wannan tafiya shi ne ya rubuta a littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

A wannan tafiya Azikiwe ya shirya takarda zuwa ga Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, yana kafa hujja da alkawarin da Ingila da Amurka suka yi cikin 1941 cewa kowace al'umma tana da ikon zaɓen irin mulkin da take so. Takardar ta nemi a soma shirin ba da mulkin kai, a gama cikin shekara 15. Aka nemi wakilai su sa hannu, Imam ya ƙi. Dalilinsa shi ne ba a aiko shi da wannan saƙo ba, bai shawarci mutanen Arewa ba, kuma a ganinsa Arewa tana da nata ciwon da ya kamata a fara dubawa.

Wannan ƙin sa hannu ya bi shi shekaru. A idon 'yan kishin ƙasa na Ikko ya tabbata yaron Turawa, ɗan amshin shatan sarakuna. Ba su san abin da ya yi a wannan tafiya ba bayan idonsu.

WASIƘU ZUWA GA LUGGA

A Ingila Imam ya sadu da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, Baturen da ya fara makarantar boko a Kano. Ya kuma sadu da tsohon Gwamna Lugga, wanda ya ci Kano da Sakkwato cikin 1903, ya kafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, ya haɗe Kudu da Arewa cikin 1914. Lokacin Lugga ya haura shekara 80. Ya tambayi baƙonsa halin da Arewa take ciki, yana tsammanin yabo ga ginin da ya bari.

Abin da ya ji ya sha bamban. Imam ya bayyana masa, da baki sannan a rubuce, cewa tsarin ya lalace. Bature ba ya jin ta bakin kowa sai sarki, talaka ba shi da inda zai kai kuka in an zalunce shi, samarin da aka ilmantar ba a shawartarsu, an bar su da takaici, kuma in ba a gyara ba za su juya ga masu zafin ra'ayi na Kudu. Lugga ya miƙa maganar ga ofishin da ke kula da ƙasashen mulkin mallaka, har ta kai ga Gwamna Arthur Richards, wanda ya nemi ganin Imam bayan dawowarsa.

A nan mai karatu zai ga halin mutumin. A tafiya ɗaya, ya ƙi bin Azikiwe, ya kuma gaya wa Lugga abin da ba ya son ji. Sai dai akwai abin tambaya, kuma masu sukarsa sun yi ta. Maganar da ya faɗa wa Lugga a ɗaki ta fi wadda yake bugawa a jarida kaifi nesa ba kusa ba. Mai kwabo bai sami gaskiyar da tsohon Gwamna ya samu kyauta ba. Masu kare shi suna cewa da ya buga ta haka ɗanya, da an tsige shi washegari an kawo wanda ba zai ce uffan ba, kuma da babu gara ba daɗi. Shekara bakwai bayan haka, cikin Agusta 1950, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya kawo ƙudurin gyaran mulkin En'e, maganar da aka yi a ɗaki ta fito fili.

TSAKANIN ZARIYA DA IKKO

Bayan yaƙi siyasa ta yi zafi. An kafa jam'iyyar NCNC cikin 1944. Cikin 1945 ma'aikata suka yi babban yajin aiki na fiye da wata guda, gwamnati ta rufe West African Pilot da Daily Comet, jaridun Azikiwe, saboda yadda suka ɗauki maganar. A wannan shekara kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, da gininsa da injinan buga littattafai, cikin 1948 aka ƙara da jaridar Turanci mai suna Nigerian Citizen. Bambancin a fili yake. Jaridar Ikko sai an sa doka ake rufe mata baki, ta Zariya kuwa mai riƙe da jakar kuɗinta ba ya bukatar doka.

Amma jaridun Ikko su ma suna da iyayen gida. Pilot ta Azikiwe ce da NCNC, Nigerian Tribune da aka kafa a Badun cikin 1949 ta Cif Obafemi Awolowo ce. Kowace tana yabon nata tana sukar na wani. In sun zo maganar Arewa kuwa, sau da yawa hoto guda suke nunawa: sarakuna azzalumai, talakawa jahilai, 'yan boko 'yan koren Turawa. Akwai gaskiya a cikin sukar da suke wa En'e, shi ya sa mutane irin su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suka riƙa aika musu da rubutu, tun da a can ne za a buga abin da Zariya ba za ta buga ba. Sai dai yawancin masu rubutu a Ikko ba su taɓa zama a Arewa ba, ba sa jin Hausa, kuma rainin da ke cikin alƙalaminsu yana ɓata wa mutanen Arewa rai ko da maganar gaskiya ce.

Imam ya ɗauki aikin mayar da martani. Cikin 1950, lokacin da aka yi babban taron tsarin mulki a Badun inda wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, Gaskiya ta buga sharhin da ya yi amo har a Kudu. Sharhin ya lissafa wuraren da 'yan Kudu suka cika a Arewa, tashoshin jirgin ƙasa, gidajen waya, asibitocin gwamnati, kantuna, ofisoshin Kaduna, ya nuna tsoron cewa in Bature ya tafi a wannan hali, ɗan Kudu ne zai gaje shi. Lissafin gaskiya ne, kowa yana gani da idonsa. Amma ɗan Kudun da ke aikin reluwe a Zariya, wanda takardarsa ce ta kawo shi ba ƙwace ya yi ba, in aka karanta masa wannan zai ji an nuna shi da yatsa. Kamar yadda mai karatunmu na Agege yake ji yau in jaridar Ikko ta yi wa 'yan Arewa kuɗin goro, haka wancan ma'aikaci ya ji a lokacin.

Saboda haka ba za a ce Imam ba shi da gefe ba. Gefensa Arewa ce, bai kuwa ɓoye ba. Abin da ya raba shi da ɗan koren siyasa shi ne bai wanke Arewa daga laifi ba. Da alƙalamin da yake mayar wa Ikko martani, da shi yake gaya wa mutanensa cewa su suka ƙi makaranta, su suka yarda da cin hanci, kuma ba wanda zai jira su.

EDITA A CIKIN SIYASA

Cikin 1948 'yan bokon Arewa, da Dokta R. A. B. Dikko a Zariya da wasu a Kaduna, suka fara haɗa ƙungiyar da ta zama Jam'iyyar Mutanen Arewa. Imam yana cikin na gaba-gaba. Manufarta yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, abubuwan da ya daɗe yana bugu a jarida. Da farko ƙungiyar al'adu ce, sarakuna ma suna yi mata kallon tuhuma. Cikin Agusta 1950 masu neman sauyi na gaggawa suka kafa NEPU a Kano, sannan cikin 1951 Jam'iyyar Mutanen Arewa ta zama jam'iyyar siyasa sosai, wato NPC.

Daga nan sabon zargi ya taso, wannan karon daga cikin gida. 'Yan NEPU suka ga jaridar da ake bugawa da kuɗin jama'a duka tana hannun mutanen ɗaya gefen. In alƙali ya ɗaure ɗan Sawaba, ba a Zariya za a ji kukansa ba, sai a Comet, wadda Azikiwe ya mayar Kano cikin 1949. Ga shi mutum guda, Ikko ta ce yaron Turawa ne, wasu masu sarauta sun ce shi ke zuga yara, NEPU ta ce na sarakuna ne.

Cikin 1951, bayan shekara 12, ya sauka daga kujerar edita. A wannan shekara aka zaɓe shi majalisar dokokin Jihar Arewa, daga nan ya tafi Majalisar Wakilai a Ikko. Ko me aka ce da shi, bai haɗa taura biyu a baki ba, ranar da ya zama ɗan majalisa wani ne yake gyara shafin farko.

Zamansa na majalisa ya nuna masa inda karkatar jarida take kai mutane. Ran 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai cikin 1956. Sardauna ya nemi a gyara, a bar lokacin sai ranar da aka ga ya dace. Aka watse baram-baram, taron jama'a a Ikko suka yi wa wakilan Arewa ihu, jaridu suka bi su da zambo. Wakilan suka koma gida da ɓacin rai. Cikin Mayu, da ayarin jam'iyyar Action Group ƙarƙashin Cif Akintola ya shirya taro a Kano, faɗa ya ɓarke na kwana huɗu tsakanin mutanen birni da na Sabon Gari. Lissafin gwamnati ya nuna mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. Waɗanda suka mutu ba editoci ba ne, ba 'yan majalisa ba ne. Yawancinsu masu neman abinci ne, wasu baƙi a garin da ba nasu ba, kamar mu a nan.

SAURAN RAYUWA

Imam bai daɗe a siyasa ba. Cikin 1955 ya shiga hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa, daga baya ya zama shugabanta. Lokacin ne ake aiwatar da manufar fifita 'yan Arewa a aikin gwamnatin Arewa, abin da 'yan Arewa suka ɗauka gyara ne, 'yan Kudu da yawa suka ɗauka wariya ce. A shekarun 1970 ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da ya yi kama da shafin wasiƙun da ya buɗe tun yana saurayi. Bai bar rubutu ba, ya yi littattafan addini da na tarihin Annabi da sahabbai, ya kuma ba da ƙarfinsa ga makarantar Islamiyya a Tudun Wadan Zariya. Jami'ar Badun, a tsakiyar ƙasar Yarabawa, ta ba shi digirin girmamawa na dokta.

Ya rayu har ya ga Nigerian Citizen ta zama New Nigerian a Kaduna ran 1 ga Janairu 1966. Ya ga Gwamnatin Tarayya cikin 1975 ta karɓe New Nigerian, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na Daily Times. Iyayen gida suka canza, maganar wa ke da jarida ba ta canza ba. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a 19 ga Yuni 1981, yana da shekara 70. Cikin 1989 aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Alhaji Abdurrahman Mora ya tsara. Jaridar da ya fara ta yi fiye da shekara 60 tana fitowa.

MA'AUNIN DA YA BARI

Wasu 'yan jarida suna cewa in kowane gefe ya zage ka, to, kana kan daidai. Wannan magana ba ta cika ba, domin maƙaryaci ma kowa yana zaginsa. Abin da za a duba a rayuwar Imam shi ne abin da ya yi da ɗan filin da aka ba shi. Ya sami jaridar da aka kafa don ta faɗi abin da gwamnati take so, ya buɗe ƙofa talaka ya yi magana a cikinta. Ya so Arewa, bai hana shi faɗa mata aibinta ba. Ya ƙi sa hannu a abin da ba a aike shi ba, ya kuma ƙi yi wa Lugga daɗin baki. Inda ya gaza ma a bayyane yake: akwai gaskiyar da ya faɗa wa manya bai buga wa masu kwabo ba, akwai kuma mutanen da jaridarsa ba ta ji ta bakinsu yadda ya kamata ba.

Mu da ke zaune a Kudu mu ne kan gaba wajen shan wahala in labari ya karkata, domin in aka hura wuta a takarda, a kasuwa da tasha take kamawa. Yau kuwa labari ba ya jiran jirgin ƙasa, a wayar hannu yake shigowa, ba edita ba mai tacewa. In an kawo mana labari, mu tambaya wa ke da bakin da ya faɗe shi, mu duba ko an ji ta bakin wanda ake zargi, mu rarrabe abin da ya faru da ra'ayin mai rubutu. Mu kuma yi wa labarin da ya yi mana daɗi irin binciken da muke wa wanda ya ɓata mana rai, domin a nan ne yawancinmu muke faɗuwa.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya mayar da kowa gida lafiya. Amin.